Shirin da Ya Wajaba Kafin Danƙa Haja ga Kamfanin Ajiya da Jigila

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba shirin da ya wajaba a kan ɗan kasuwa yayin da ya ƙudura danƙa wa wani kamfani aikin ajiye hajarsa da ɗaure ta da kai ta ga masu saye. Wannan tsari ya bunƙasa ne tare da ciniki ta intanet. Kamfanin Amazon na Amurka ya fara yi wa 'yan kasuwa wannan hidima a shekarar 2006, shi kuwa Jumia, wanda aka kafa a Legas a 2012, ya buɗe hanyoyin jigilarsa ga sauran 'yan kasuwa a 2020.

Ba da amanar haja ba baƙon abu ba ne gare mu. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda fataken shanu da na goro suke dogara ga maigida wajen masauki da ajiya da dillanci. Sai dai maigida ya san baƙonsa, ya kuma san hajarsa da ido. Ma'aikacin sito kuwa bai san ko ɗaya ba, abin da aka rubuta shi kaɗai zai bi. Saboda haka tushen shirin duka shi ne mai da abin da ke cikin kan mai haja zuwa rubutu.

2.0 Matakan Shiri

2.1 Ƙidaya da lamba. Wajibi ne kowane irin kaya ya sami lambarsa ta daban. Alal misali, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta Kano yana iya bambance turmi goma da kallo ɗaya, amma in bai ba kowane zane da kowane launi lambarsa ba, za a aika wa mai saye abin da bai nema ba. Har ila yau, a ƙirga kayan a gaban wakilan ɓangarorin biyu ranar miƙawa, kowa ya sa hannu.

2.2 Awo. Kamfanonin jigila sukan caji kuɗi bisa nauyin kwali ko girmansa, watau duk wanda ya fi yawa. A tsarin DHL Express ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 50 da 40 da 30 ke nan za a lissafa shi kilo 12, ko da huluna ne marasa nauyi a ciki. Wanda bai auna kwalayensa kafin ya yanka farashi ba, ribarsa ce za ta tafi a kuɗin dako.

2.3 Adireshi. Da yawa daga masu sayenmu kwatance suke bayarwa, kamar bayan masallaci ko kusa da tasha. Ya kamata a tanadi tsari ɗaya na karɓar suna da unguwa da lambar waya.

2.4 Yarjejeniya. A rubuta wanda zai biya in kaya ya ɓace ko ya lalace, da wanda zai ɗauki nauyin kayan da aka dawo da su. Inda mai saye ke biya sai kaya ya iso hannunsa, a ƙayyade ranar da kamfani zai miƙo kuɗin, domin jinkirinsa yana iya tsai da jarin ƙaramin ɗan kasuwa.

3.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa aikin ne ake danƙawa, alhakin yana nan a wuyan mai haja, domin in kaya ya makara sunansa mai saye zai kama. Shawararmu ita ce a fara gwaji da kaya kaɗan na 'yan watanni, a riƙa gwama lissafin sito da na littafin kanti, kafin a miƙa sauran.