Harry Potter a talabijin: Yadda masoya suka raba rawa tun kafin HBO ya buɗe baki

Tun a watan Afrilun 2023, lokacin da kamfanin Warner Bros. ya sanar da cewa zai mayar da littattafan Harry Potter guda bakwai shiri mai dogon zango, masoya suka shiga aikin da ba wanda ya sa su.

A shafukan X da Reddit da TikTok kowa ya zama darakta. Ana ɗauko hoton jarumi, a haɗa masa da sandar tsafi da baƙar alkyabba, a ce ga wanda ya dace.

Sunan da ya fi yawo shi ne na Cillian Murphy, ɗan ƙasar Ireland da aka sani a Peaky Blinders, wanda suka naɗa a matsayin mugu Voldemort. Ralph Fiennes, wanda ya taka rawar a finafinan baya, ya nuna goyon bayansa, amma Murphy ya ce shi ba shi da labari. Rawar malami Snape kuwa, an shafe shekaru ana liƙa wa Ba'amurke Adam Driver ita.

Da HBO ya fitar da nasa jerin a Afrilun 2025, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan biyu.

Rigimar Snape

An bai wa John Lithgow rawar shugaban makaranta Dumbledore, Janet McTeer ta zama McGonagall, Nick Frost kuma Hagrid. Amma sunan da ya tayar da ƙura shi ne Paapa Essiedu, baƙar fata haifaffen Landan mai tushe a Ghana, wanda zai fito a Snape.

Masu ƙorafi sun ce sun tsaya ne a kan abin da littafi ya faɗa: mutum mai ɗashewar fata da lanƙwasasshen hanci da dogon baƙin gashi mai maiƙo. Wasu kuma sun kawo hujjar da ta fi wannan nauyi. A labarin, Harry ya yi shekaru yana zargin Snape da mugunta, mahaifinsa ma ya ci zalinsa suna ɗalibai. Idan wanda ake yi wa haka baƙar fata ne, mai kallo zai iya karanta wata ma'ana da marubuciyar, J.K. Rowling, ba ta saka ba. Wannan tambaya ce da ya kamata marubutan shirin su amsa.

Sai dai akwai abin da masu riƙon littafi ba su cika ambata ba. Shekarun Snape 31 ne a farkon labarin. Alan Rickman, wanda fuskarsa ta zauna a zukatan mutane, yana da shekara 55 lokacin da fim na farko ya fito a 2001. Essiedu, da aka haifa a 1990, ya fi shi kusa da littafin ta wannan fuska nesa ba kusa ba.

To me ya sa aka nace wa Adam Driver? A ganina, don yana kama da Rickman ne. Yawancin masu raba rawa a intanet fim ɗin da suka kalla suna yara suke tunawa, suna kiran sa littafi.

Kuma Essiedu ba ɗan koyo ba ne. A 2016 ya zama baƙar fata na farko da ya fito a matsayin Hamlet a kamfanin wasan daɓe na Royal Shakespeare.

Lissafin da masoyi ba ya yi

Mai saka hoto a waya fuska kawai yake dubawa. Furodusa yana duba kuɗi da lokaci da lafiya. An tsara shirin zai ɗauki kimanin shekara goma, kuma ba kowane jarumin da ya ci Oscar ne zai yarda a ɗaure shi tsawon haka ba.

Batun shekaru ma ba wasa ba ne. Richard Harris, Dumbledore na farko, ya rasu a 2002 bayan finafinai biyu kacal, dole aka kawo Michael Gambon. An haifi Lithgow a 1945, kuma shi da kansa ya ce zai kai kusan shekara 87 kafin a kammala.

Ga manyan rawa uku na yara kuwa, masoya ba su da ta cewa, domin ba a neman sanannu. An buɗe ƙofa ga 'yan shekara tara zuwa 11 a Birtaniya da Ireland, sama da yara 30,000 suka shiga tantancewa. A watan Mayun 2025 aka sanar da Dominic McLaughlin da Arabella Stanton da Alastair Stout.

Idan wasa ya koma cin mutunci

Raba rawa a intanet nishaɗi ne, har kamfanoni na cin moriyarsa a matsayin talla kyauta. Matsalar tana farawa ne idan masoyi ya ɗauki zaɓinsa tamkar alƙawarin da aka yi masa.

An ga haka a 2022, lokacin da aka zaɓi Leah Jeffries, yarinya baƙar fata 'yar shekara 12, ta fito a matsayin Annabeth a shirin Percy Jackson na Disney+. Zagin da aka yi mata ya kai marubucin littattafan, Rick Riordan, ya fito fili ya ce shi ya zaɓe ta, mai jin haushi ya tunkare shi.

Kafin ita, Noma Dumezweni ta sha irin wannan suka da ta fito a Hermione a wasan daɓe na Landan a 2016. Shekara guda bayan haka rawar ta ba ta kyautar Olivier.

An fara ɗaukar shirin na HBO a Yulin 2025 a Leavesden, inda aka ɗauki finafinan farko.