Jan Makuri Babu Shi, Zaibar Gaskiya Kuwa Tana Cikin Bolarmu

A watan Afrilun 2009 wata jita-jita ta karaɗe Saudiyya, wai tsohon keken ɗinki kirar Singer yana ɗauke da wani sinadari mai suna jan makuri, wato jar zaiba, wanda ya fi zinari tsada. Cikin 'yan kwanaki keken da aka yasar a bayan ɗaki ya koma ana taya shi dubban riyal. Mutane suka riƙa kara wayar hannu kusa da allurar keken, wai idan sabis ya ɗauke to akwai kaya a ciki. Hukumomin ƙasar suka fito suka ce damfara ce, amma labarin bai mutu ba. Har gobe a wajen 'yan gwangwan za ka ji ana raɗe-raɗin wani da ya yi arziki da tsohuwar rediyo ko agogon bango, kuma ko yaushe wanda ya yi arzikin a wani gari yake, ba a taɓa nuna maka shi.

Jan makurin da ake cewa yana jawo kuɗi, ko yana kiran aljanu, ko ana haɗa makamin nukiliya da shi, babu shi. Tatsuniyar ta yi ƙarfi ne a shekarun rugujewar Tarayyar Sobiyat, kuma abin da aka riƙa kamawa a hannun dillalanta, da aka gwada, sai a tarar zaiba ce ta yau da kullum da aka rina, ko wani gari ja mara daraja. Ɗan abin da ya ba ƙaryar gindin zama shi ne akwai mahaɗan zaiba masu launin ja, har dutsen da ake haƙo ta daga cikinsa ja ne, kuma tsohon jan maganin nan da ake shafa wa ciwo yana da ita. Babu ɗayansu da ke da wani sirri. Keken ɗinki ƙarfe ne zalla, kuma wanda ya farfasa na mahaifiyarsa ya rasa keke ne kawai.

Abin da ke damuna shi ne yadda neman abin da babu shi ya kawar da hankalinmu daga wanda yake akwai. Zaiba ta gaskiya, farin ƙarfen nan mai gudana kamar ruwa, tana wucewa ta hannun 'yan jari-bola kullum ba tare da sun sani ba. Tana cikin doguwar fitilar nan ta gilashi da ake maƙalawa a ofisoshi da masallatai, tana cikin ƙwan lantarki mai murɗaɗɗen gilashi da aka tallata mana da sunan tsimin wuta. Tana cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi, da tsohon ma'aunin hawan jini mai tsayayyen bututu, da wasu ƙananan batiran agogo na da, da siraran fitilun da ke bayan allon tsofaffin kwamfutoci. Ƙwan LED ba shi da ita, don haka mai cewa duk ƙwan zamani guba ne ya haɗa gaskiya da ƙarya. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi da batirin mota kuwa, babbar matsalarsu dalma ce.

Wannan bambanci ya kai mu Zamfara. Mutane da yawa sun ɗauka zaiba ce ta kashe yaran Anka da Bukkuyum a 2010. Dalma ce ta kashe su. Duwatsun zinarin da ake haƙowa a yankin suna cike da ita, ana kawo su cikin gida a daka, a niƙa a injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara kusan 400 suka rasu, ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega sai da aka kankare ƙasar gidajensu aka zuba sabuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka tsira. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Sai dai kada wannan ya wanke zaiba, domin a waɗannan gidajen ana aiki da ita, illa dai nata aikin a hankali take yi.

Ga yadda abin yake a wajen haƙar zinari, daga Zamfara har Komabangu a Tilaberi ta Nijar, har ramukan galamse na Ghana. Bayan an wanke garin dutse a kwano, sai a zuba zaiba a cuɗa da hannu. Ita tana kama ƙwayoyin zinari ta haɗe da su. A juye a ƙyalle a matse, ragowar ta tsiyaye, a bar wani ɗan dunƙule mai launin azurfa. Sai a ɗora shi a cokali ko kan garwashi, a hura wuta har farin ya tafi, zinari ya bayyana. Mai aikin yana tsugune, fuskarsa a kan cokalin, yana jira ya ga launin ya juya.

Idan ka tambaye shi ina zaibar ta tafi, zai ce wuta ta cinye ta. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace tsada a wannan batu. Wuta ba ta cin zaiba, babu abin da ke cinye ta, domin tana cikin sinadaran asali waɗanda ba sa ruɓewa. Idan zafi ya kai digiri 357 sai ta tafasa ta koma tururi, kuma tun kafin nan, ko a zafin ɗaki, tana ɗan tashi. Tururin ba shi da launi, ba shi da wari. Kusan kashi 80 cikin 100 na abin da mutum ya shaƙa yana shiga jini, ya wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda. Daga nan sai rawar hannu, da mantuwa, da rashin barci, da saurin fushi, da kumburin dasashi, abubuwan da sau da yawa ake dangantawa da sammu ko iska. Ragowar tururin kuma ya lafe a bango da tufafi da rufin ɗaki. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna ƙananan masu haƙar zinari ne babbar hanyar da zaiba ke shiga iskar duniya, fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ɗan Adam ke fitarwa, har sun zarce masu ƙona kwal.

Wadda ta bi ruwan wanki ta shiga rafi kuma, ƙwayoyin halitta na cikin laka suna juya ta zuwa wani nau'i da ya fi muni, wanda ke taruwa a naman kifi. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami, mutum ya ci babba. Suya ko banda ko dahuwa ba sa fitar da ita. Haka aka gani a garin Minamata na Japan, inda masana'antar Chisso ta yi shekaru tana zuba ruwan dattinta a gaɓar teku. Kyanwoyi aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa ruwa, sannan a 1956 aka tabbatar da cutar a jikin mutane, aka kuma haifi jarirai da lalurar ƙwaƙwalwa daga iyaye mata da su kansu ba su nuna alamar ciwo ba. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda ta fara aiki a 2017, kuma Najeriya da Nijar duk sun amince da ita. Ba ina cewa a daina cin kifi ba ne. Kifin da aka kama a ƙasan inda ake wankin zinari, musamman manya masu cin 'yan'uwansu, shi ne abin kaffa-kaffa ga mai juna biyu da yaro ƙanƙani.

To, gaskiya ne ana iya sake amfani da zaiba? Gaskiya ne, kuma a nan riba da lafiya suka haɗu. Akwai wata rufaffiyar tukunyar ƙona dunƙulen da makeri zai iya haɗawa da guntayen bututun famfo: tururin ya bi ta cikin bututu, ya huce, ya ɗiga cikin ruwa ya koma zaiba. Mafi yawan abin da da zai tashi sama yana dawowa hannun mai shi, ya rage kuɗin saye. Sharaɗinta a yi aikin a fili nesa da gida, kuma kada a buɗe ta sai ta huce sarai. Wanda ya fi wannan shi ne a tace garin dutsen sosai da ruwa kafin a sa zaiba, don kada a zuba ta a kan tarin ƙasa gaba ɗaya. A wasu wurare, kamar arewacin Filifin, masu haƙa suna narkar da tataccen garin kai tsaye da sinadarin boras, ba zaiba ko ɗigo.

Mu mutane ne da ba ma zubar da kaya, kuma abin yabo ne: tayar mota ta koma takalmi da guga, gwangwani ya koma aci-balbal. Amma wannan dabara tana da iyaka. Kwano ko cokali ko ƙyallen da ya taɓa zaiba ya bar kicin har abada, wanki ba ya mayar da shi. Robar man bilicin ma haka, tunda gwaje-gwaje sun sha gano zaiba a ire-irensa, kuma ƙasashen yarjejeniyar sun amince a daina yin duk kayan shafa mai ɗauke da ita. Doguwar fitilar da ta mutu ba abin wasan yara ba ce, kuma ɗan gwangwan da ke fasa ta don ɗan sanholon da ke bakinta yana sayar da huhunsa a kan kuɗin da bai kai na shayi ba.

Ofis ko makaranta ko asibitin da ke sauya fitilu zuwa LED, ya mayar da tsofaffin cikin kwalayensu ba tare da sun fashe ba, ya ajiye a busasshen wuri mai iska, ya tuntuɓi hukumar muhalli ta jiha ko ta tarayya, wato NESREA, kan masu lasisin karɓar irin wannan shara. Jefa su a bolar da ake cinna wa wuta daidai yake da raba tururin ga unguwa baki ɗaya.

Idan kuma ma'aunin zafi ya fashe a ɗaki, a fitar da yara da mai ciki, a buɗe tagogi, a kashe fanka. Kada a sa tsintsiya, domin tana tarwatsa ƙwayoyin su shige tsagar siminti. A cire zoben zinari tukuna, zaiba tana manne masa. A tattara ƙwayoyin da guntun kwali, a haska tocila a kwance a ƙasa don a ga waɗanda suka gangara, a ɗauke ƙananan da salatif, a zuba duka a kwalba mai murfi a rubuta mata suna. Kada a zuba a kwata ko masai. Tabarma ko kafet ɗin da ta shiga cikinsa, a naɗe a ƙulle cikin leda a fitar da shi daga gidan tare da kwalbar.