Aikin Hana Inji Lalacewa: Sana'ar Da Ke Jiran Samarin Keffi

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Ikko, Badun da Shagamu, duk wanda ya zo ganin gida ya biyo ta Keffi ya san garin ya cika da injuna. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, ga kuma Abuja a kusa, janareto da injin niƙa da famfon burtsatse suka yawaita. Sai dai akasarinsu ba a tunawa da su sai ran da suka tsaya cik, sa'an nan a bazama neman bakanike.

To, a manyan masana'antu akwai ma'aikaci na musamman wanda aikinsa shi ne kada inji ya kai ga tsayawa. Shi ke riƙe da littafin kowane inji: awa nawa ya yi yana aiki, yaushe aka juye baƙin mai, yaushe aka sa giris. Yakan auna zafin inji da karkarwarsa, domin boris in zai mutu yakan daɗe yana gurnani yana ɗaukar zafi kafin ya watse. In an canza shi ran da aka tsara, aikin 'yan sa'o'i ne. In kuwa aka bari ya watse da kansa, sai ya ja wasu sassan su lalace, ma'aikata su zauna zugum, ga albashi ana biya. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ta shafe shekaru ba ta tace mai, kuma sakaci da gyara a kan kari yana cikin dalilan.

Hanyar shiga ba ɓoyayya ba ce. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin Nasarawa, maƙwabciyar Keffi, wadda aka kafa a 1983, tana koyar da aikin inji da na lantarki: shekara 2 ta ƙaramar difloma, shekara 1 a masana'anta, sa'an nan shekara 2 ta babbar difloma. Yaron da ya koya a gareji kuwa yana iya zama jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, daga aji na 3 zuwa na 1.

A ganina, mai ɗa ko ƙane a gida, maimakon ya kira shi Kudu gadi ko acaɓa, gara ya biya masa wannan karatu tukuna. Masana'antun Apapa da Ikeja, da matatar Ɗangote da aka ƙaddamar a Lekki a 2023, takarda suke fara tambaya a bakin ƙofa.