Injin jirgin ruwa mai batir: in ya tsaya, a fara duba waya

A ƙasar Amurka masu kamun kifi da fatsa suna da wani ƙaramin inji da suke ɗaurawa a jikin jirgin ruwa. Ba ya shan fetur, da batir yake aiki. Ba shi da ƙara, don haka kifi ba ya gudu. Yana tura jirgi sannu sannu, masunci yana jan fatsarsa a baya. Wani mutum mai suna Schmidt ya fara ƙera shi a garin Fargo a shekarar 1934. Kamfaninsa, Minn Kota, yana nan har yanzu.

Ƙaramin injin yana aiki da batir ɗaya mai bolt 12, irin ƙarfin batirin mota. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta. Manya suna son batir biyu ko uku.

Wani lokaci injin yakan tsaya a tsakiyar ruwa, ko ƙarfinsa ya ragu. Mai shi sai ya ce ya mutu, ya shiga neman kuɗin sabo. Alhali sau da yawa injin lafiyarsa lau. Wuta ce ba ta isa gare shi.

Wuta kamar ruwan ban-ruwa take. Tana fita daga batir ta jar waya, ta shiga inji, ta komo ta baƙar waya. In hanya ta toshe wuri ɗaya, aiki ya tsaya. Mai gyara yana bin hanyar daga tushe, mataki mataki.

1. Batir

Akwai ƙaramar na'ura ta awon wuta. Batir cikakke yana nuna bolt 12,6. In ya nuna ƙasa da 12, ya yi rauni. Sai a cika shi kafin a zargi wani abu.

2. Kawunan batir

Nan ne aka fi samun matsala. Wani gari fari ko kore yana taruwa a kansu, yana hana wuta wucewa. A kwance wayoyin, a wanke kawunan da ruwan kanwa, a kankare su har su yi haske. Kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir. In sun bushe, a ɗaure da kyau, a shafa giris kaɗan. Wayar da ke motsi in an taɓa ta ba ta ɗauru ba.

3. Fizibil

Kusa da batir, a kan jar waya, akwai fizibil. Shi ne mai gadi. In wuta ta yi yawa, sai ya tsinke don kada waya ta kama wuta. In ya ƙone, a sa sabo mai lamba daidai da tasa. Kada a sa guntun waya ko takardar taba a madadinsa. In sabon ma ya ƙone nan take, to jar waya da baƙa suna taɓa juna a wani wuri. Sai an gano wurin.

4. Jikin waya

A bi waya da hannu daga farko har ƙarshe. A nemi inda roba ta tsage, ko inda ta narke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa yana bin tsagar, yana cin jan ƙarfen da ke ciki har ya yi baƙi. A yanke ruɓaɓɓen wuri, a haɗa da dalma, a rufe da roba sosai. Murɗa waya biyu da hannu ba gyara ba ne.

Injin nan yana jan wuta da yawa. Siririyar waya ta fitila ba ta iya ɗaukarsa. Tana zafi, inji kuma ba ya samun ƙarfi. In nisa tsakanin batir da inji ya ƙaru, kaurin waya ma ya ƙaru.

Ga wata dabara. A kunna inji cikin ruwa na ɗan lokaci, a kashe, sannan a taɓa kowane mahaɗi. Wanda ya yi zafi, shi ne mai laifi.

5. Makunni da farfela

In wuta ta iso amma inji bai motsa ba, a duba makunni. Sannan a cire waya daga batir, a kwance farfela. Zaren fatsa da ciyawa suna naɗewa a bayanta. Suna riƙe ta, suna kuma yanke robar da ke hana ruwa shiga inji. In duk wannan lafiya yake, lokacin ne za a kai inji wurin makanike.

Abubuwan kiyayewa

Jar waya tana kan alamar +, baƙa tana kan alamar –. Kada a juya su. Wajen kwancewa a fara da baƙa, wajen ɗaurawa a ƙare da ita. A cire zobe da agogo kafin aiki, don ƙarfe in ya haɗa kawunan biyu yana ƙona hannu. Kada a sha taba kusa da batir, don yana fitar da iska mai kama wuta. Ruwan cikinsa yana cin fata da tufafi. In ya taɓa ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi likita. Kuma ko inji sabo ne, kada a shiga ruwa ba filafili.

Wannan ilimi ba na masu jirgi kaɗai ba ne. Fitilar hasken rana da ke cikin gida da ƙaramin famfon lambu mai batir duk hanyar wutarsu ɗaya ce. Wanda ya iya bin ta daga batir zuwa inji ya tsare kuɗinsa, ya tsare kayansa daga gobara.