Gargaɗi ga Ɗaliban Likitancin Haƙori: Ɓarnar Daga Abinci Take Farawa

Ruɓewar haƙori na ci kamar wutar daji a bakunan 'ya'yanmu, kuma ina tsoron kada waɗanda ake horarwa domin tare ta su makara. Ku ɗaliban likitancin haƙori, na Kano da na Maiduguri da sauran wurare, da ku nake. Kuna shafe shekaru kuna koyon cike kogon haƙori da cire wanda ya lalace. Madalla. Amma nawa ne a cikinku ke tsayawa su tambayi uwa abin da yaronta ya ci tun safe, kafin su ce ya buɗe baki?

Kun san yadda abin yake. Ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna cin sukari, su fitar da asid, asid ɗin ya dinga zaizaye farin ɓawon haƙori har sai yawu ya wanke shi, abin da kan ɗauki rabin sa'a ko fiye. Saboda haka yawan maimaita zaƙi shi ne babban masifa. Yaron da ya karya da shayi mai kauri, ya tsotsi alawa a hanyar makaranta, ya sha zoɓo mai sukari lokacin tara, ya dawo ya tarar da biskit da lemon kwalba, haƙoransa ba su huta ba ko kaɗan. Jaririn da ake kwantar da shi da kwalbar madara mai zaƙi a baki kuwa, haƙoransa na gaba ke fara tafiya, domin yawu na raguwa cikin barci.

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, wato wajen giram 50 ga babba, kuma rabin haka ya fi. Robar lemo guda mai rabin lita na iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma wa naira 10 za ta hana sha a yau?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaya gefen, wato yunwa. Rashin sinadarin bitamin C na sa dasashi zubar da jini. Tamowa kuma ita ce ke buɗe wa cutar noma ƙofa, cutar da ke farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro mai shekara 2 zuwa 6, sau da yawa bayan ƙyanda, ta cinye kumatu da leɓe cikin 'yan kwanaki. Mafi yawan yaran da ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka keɓe mata tun 1999, kuma a Disambar 2023, bisa jagorancin Najeriya, aka sa ta cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su. Likitan da ya ga kumburarren dasashi da warin baki a jikin ramammen yaro, ya sallame shi da maganin kurkure baki kawai, ya yi ganganci da rai.

Kada ku ce wannan aikin masana abinci ne. Ku ne ke leƙa bakin. Ku koyi yi wa iyaye bayani da Hausar da za su gane, ku kawar musu da zancen tsutsar haƙori, ku nuna musu cewa aswaki da man goge baki mai fuloraid ba za su iya da zaƙin da ake ɗura wa yaro dare da rana ba. Ku sanya tambayar abinci cikin binciken kowane mara lafiya tun kuna ɗalibai, kafin hannunku ya saba da cire haƙori kaɗai.