Me Ke Sa Sitiyari Rawa Idan An Taka Birki?

Ƙafar direba ita kaɗai ba za ta tsayar da motar da ta fi tan ɗaya nauyi ba. Man birki ne ke kai saƙo. Da zarar an taka, masta, wato famfon birki, tana tura man ta siraran bututu zuwa ƙafafun mota huɗu, can kuma fistin ya matsa fad guda biyu su damƙi faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Gogayyar nan ce ke mayar da gudu ya koma zafi. Zafin kuwa ba na wasa ba ne: in gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ninki huɗu yake yi.

To, daga nan rawar take farawa. Faifai lafiyayye kaurinsa ɗaya ne ko'ina. In wani gefe ya fi wani tudu, ko da bambancin bai kai kaurin silin gashi ba, duk zagaye ɗaya sai fad ɗin ya ci karo da tudun. Idan faifan gaba ne, sitiyari ke karkarwa a hannu. Idan na baya ne, a kujera za ka ji.

Sau da yawa mu ne da kanmu muke jawowa. Direban da ya sauko gangaren Hawan Kibo ƙafarsa na kan birki tun daga sama, maimakon ya sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, gasa faifansa yake yi. In ya tsaya cak bai ɗaga ƙafa ba, fad ɗin ya bar tabo a wuri ɗaya. Ga kuma mai faci, wanda ke hawa kan sifana da ƙafa yana ɗaure noti bi da bi, wani ya ɗauru tamau wani sako-sako, faifai ya zauna a karkace. Ba wanda ke zarginsa, don sai an yi tafiya mai nisa rawar take bayyana.

Shi ya sa canza fad kawai ba ya magani. Sai an fere faifan in da sauran kauri, ko a sa sabo, a kuma duba ko fistin ya maƙale.

Akwai rawar da ba ciwo ba ce. Mota mai ABS, in ka yi birkin gaggawa a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta, za ka ji abin takawa yana bugun tafin ƙafarka. Na'urar ce ke kamawa tana saki don kada taya ta ƙame. A nan kada ka ɗaga ƙafa.