Ranar 27 ga Janairu a Majalisar Dokokin Jamus



Ƙasashe da yawa sukan keɓe rana domin tunawa da zaluncin da aka yi masu. Abin da ba a cika gani ba shi ne ƙasa ta keɓe rana domin zaluncin da ita kanta ta yi. Shi ya sa na zaɓi Jamus.

A ran 27 ga Janairu 1945 ne sojojin Tarayyar Sobiyat suka isa sansanin Auschwitz a ƙasar Poland, inda 'yan Nazi suka hallaka mutum fiye da miliyan ɗaya, galibinsu Yahudawa. Jimlar Yahudawan Turai da aka kashe kuwa ta kai wajen miliyan 6. Amma sai a 1996, watau bayan shekara 51, Shugaba Roman Herzog ya ayyana wannan rana ta zama ta tunawa. Jinkirin yana da dalili: har zuwa 1990 Jamus biyu ce, ta Yamma ta amince da biyan diyya tun 1952, ta Gabas kuwa ta ɗauka laifin ba nata ba ne.

Ba hutu a ke yi ba. Akan sassauto da tutoci, 'yan majalisa su zauna su saurara, sau da yawa daga bakin wanda ya tsira. Simone Veil ta Faransa ta yi jawabi a 2004. A 2011 aka gayyaci Zoni Weisz, ɗan ƙabilar Sinti, domin su ma an yi masu kisan ƙare-dangi, ko da ya ke an daɗe ba a ambatonsu. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da ranar ta duniya baki ɗaya.

Sa'an nan akwai doka. Tun 1994, wanda duk ya musanta wannan kisa a bainar jama'a a Jamus yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. Waɗansu masana suna ganin an tauye 'yancin magana, kuma a Amurka irin wannan doka ba za ta tsaya a kotu ba. A ganina dokar tana da hujja, gama masu musun ba bincike su ke yi ba, wanke 'yan Nazi su ke nema. Sai dai ba ta tsare ƙofa: a Oktoba 2019 wani ɗan bindiga ya auka wa wurin ibadar Yahudawa a garin Halle, da ya kasa fasa ƙofar sai ya harbe mutum biyu da ya tarar a waje.